Laimar kwaɗi mai sa gane-gane: me take yi wa jiki, kuma yaushe za a garzaya asibiti?

Malam Na-Rikkos:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da damina. Ina cikin kwamitin iyaye na unguwarmu a nan Jos, kuma wata magana ta fara yawo a bakin samari wadda mu manya ba mu da iliminta. Wai akwai laimar kwaɗi da ke fitowa a kan kashin shanu bayan ruwa ya sauka, in an ci sai a riƙa ganin abin da babu shi. Suna kallon bidiyonta a TikTok, suna cewa ai tsiro ne ba ƙwaya ba, ba ta kama mutum kamar tramol, har ma wai Turawa na yin magani da ita. Don Allah masana ku taimaka. Me take yi wa jiki? Tana kisa? In aka kawo mana yaro cikin dare a wannan hali, me za mu yi, me kuma ba za mu yi ba?

Hajiya Famasis:

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar yaran, kuma gara a yarda da wannan tun farko. In ka ce musu duk ƙarya ce, za su buɗe waya su nuna maka, daga nan ba za su ƙara sauraronka ba.

Nau'in laimar kwaɗi fiye da 100 ne ke ɗauke da wani sinadari mai suna silosaibin. Wadda ta fi suna ita ce Psilocybe cubensis, kuma lallai kan kashin shanu take fitowa a ƙasashe masu zafi da danshi. Ƙabilar Mazatek ta Meziko ta daɗe tana amfani da irinsu a al'adunta. Duniya ta ji labarin a 1957, da mujallar Life ta buga rahoton Gordon Wasson, sannan a 1958 Albert Hofmann, wanda ya haɗa LSD, wata ƙwaya mai sa gane-gane, ya ware sinadarin a Suwizalan.

In an haɗiye, jiki yakan mayar da silosaibin zuwa silosin. Shi silosin ƙirarsa ta yi kama da sirotonin, ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, don haka sai ya hau mazauninsa a sassan da ke tace abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Tacewar ce ke lalacewa. Cikin minti 20 zuwa 40 za a fara da tashin zuciya, wani lokaci amai, da hamma a kai a kai ba tare da jin barci ba. Baƙin ido ya buɗe sosai ko da fitila na haska fuskar, ƙafafu su yi sanyi, tafiya ta zama tangaɗi, bugun zuciya da hawan jini su ɗan tashi. Daga awa 1 zuwa 2 abin ke kai ƙololuwa. A nan za ka ga yaro ya ƙura wa zanen tabarma ido yana cewa tana numfashi, ko ya riƙa juya tafin hannunsa kamar ba nasa ba, ya yi dariya, nan take ya fashe da kuka, ya tambaye ka ƙarfe nawa sau biyar cikin minti ɗaya. Yawanci awa 4 zuwa 6 ya sake shi, ya bar shi da gajiya da ciwon kai washegari.

Ba wanda ya san ƙarfin abin da ya ci. Guda biyu masu girma ɗaya, wata na iya ninka wata sau da yawa a yawan sinadarin. Shi ya sa abokai uku za su ci tare, biyu su yi ta dariya, na ukun ya riƙa ihu yana cewa mutuwa zai yi.

Batun cewa ba ta kama mutum: gaskiya ne ba ta sa ciwon gaɓoɓi da gumi da rawar jiki in an daina, irin na tramol ko kodin. Jiki ma yakan saba da ita nan da nan, in an sake ci washegari ba ta yin tasiri sosai sai an yi mako ɗaya ko biyu. Amma wannan amsar tambaya ɗaya ce kawai cikin goma.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai harkar magani shi ne haɗawa, domin yaron da zai nemi laimar kwaɗi da wuya a ce ita ce farkonsa. Tramol ɗin da ke yawo a hannun samari mai miligiram 225 ne, alhali 50 da 100 ne aka amince da su a Najeriya. Shi kaɗai yana jawo jijjiga, kuma yana ƙara sirotonin a ƙwaƙwalwa. In ya haɗu da silosin, haɗarin jijjiga da na yawaitar sirotonin sun ƙaru: zazzaɓi mai zafi, gumi sharkaf, tsokoki su sandare, ƙafa ta riƙa fizga. Wiwi na ƙara tsoro da zargin mutane. Giya na ƙara amai da faɗuwa. Mai shan litiyom saboda ciwon ƙwaƙwalwa shi ya fi kowa shiga haɗari, an sha samun jijjiga daga wannan haɗin. Wasu kuma sukan ajiye maganin damuwar da likita ya ɗora su a kai don abin ya kama su da kyau, sai ciwon ya dawo musu sabo.

Haka cakulan da alewar da ake tallatawa a intanet da sunan laimar kwaɗi. A 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta bi sawun irin wannan kaya da suka sa mutum fiye da 100 rashin lafiya, wasu da jijjiga, wasu a sume, kuma gwaji ya nuna wasu sinadarai daban a ciki.

Likitan Gaggawa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Hajiya ta yi bayanin wadda ake nema. Ni zan yi magana a kan wadda ake samowa, domin yaron da ya shiga makiyaya da leda bayan ya kalli bidiyon minti biyu bai san abin da ya tsinko ba.

Silosaibin shi kaɗai da wuya ƙwarai ya kashe baligi mai lafiya ta hanyar guba. Abubuwa biyu ke kisa: haɗarin da mutum ke faɗawa yana cikin maye, da kuskuren tsinka. Na biyun ya fi muni. Wasu nau'o'i daga dangin Amanita, Galerina, Lepiota da Conocybe na ɗauke da guba mai suna amatoksin, wadda ita ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na mace-macen laimar kwaɗi a duniya. Wasunsu ƙanana ne masu ruwan ƙasa, kamanninsu ɗaya da waɗanda yaran ke nema. Dafuwa ba ta karya wannan guba, shanya ba ta karya ta, firji ma haka. Rabin hular Amanita phalloides ya isa ya kashe babban mutum.

Ga yadda take tafiya, kuma ina roƙon kowa ya riƙe wannan. Awa 6 zuwa 24 na farko babu komai, yaro na iya cewa ma abin bai yi aiki ba ya ƙara wani. Sai amai da gudawa kamar ruwa su ɓarke, da murɗar ciki, a ɗauka kwalara ce ko taifot. A rana ta biyu sai ya ji sauƙi, ya nemi abinci, gida kowa ya ce alhamdulillahi. Wannan sauƙin wutar ƙaiƙayi ce, sama toka, ƙasa tana ci: a daidai lokacin gubar ta hana ƙwayoyin hanta ƙera furotin, suna mutuwa. Rana ta 3 zuwa ta 5 ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu ko ya ɗauke, dasashi ya fara jini, suga ya faɗi, hankali ya gushe. Wanda aka kawo a wannan mataki ya zo a makare.

Shi ya sa tambayar farko da za a yi muku a asibiti ita ce: ƙarfe nawa ya ci, ƙarfe nawa ya fara amai? Alamun da suka fara cikin awa 3 yawanci na nau'o'in da ba sa taɓa hanta ne. Waɗanda suka fara bayan awa 6, hanta muke zargi har sai gwaji ya wanke ta. Amma kar wanda ya fara da wuri ya saki jiki, domin leda ɗaya na iya ɗaukar iri biyu ko uku. Hukuncina a nan ba sassauci: duk wanda ya ci wadda aka tsinko a daji, a kai shi asibiti a daren, ko da yana dariya.

Kafin a samu mota, ku rubuta lokacin da ya ci. Ku tambayi abokansa cikin lalama, ba da barazanar 'yan sanda ba, nawa ya ci kuma da me ya haɗa. In kun tsorata su, ƙarya za ku samu. A sa shi a ɗaki mai shiru, haske kaɗan, da mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da su, ba taron unguwa ba. A riƙa kiran sunansa, a gaya masa inda yake, a ce abin da ya ci ne, kuma zai wuce. A kawar da wuƙa da makullin mashin. Kar a bar shi ya fita shi kaɗai ko da fitsari ne. Garin nan cike yake da duwatsu da rijiyoyi da kududdufan haƙar kuza, musamman wajen Bukuru da Rayfield, kuma mutumin da ya kasa auna nisa da zurfi ba ya ganin bakin rami. In barci na ɗibarsa ko yana amai, a kwantar da shi a gefensa, gwiwar sama a lanƙwashe, baki na kallon ƙasa.

Kar a ɗaure shi, kar a doke shi, kar a danne masa ƙirji ko baya. Kokawa na ƙara zafin jiki, tana farfasa tsoka, abin da tsokar ta zubar kuma ya toshe ƙoda. Kar a ba shi farasitamol, domin in hanta ce ke cikin matsala an ƙara mata kaya. Kar a sayo maganin barci a kemis.

Jijjiga, jiki zafi rau, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, rashin farkawa in an girgiza shi, yunƙurin cutar da kansa ko wani, ko kuma wanda ya ci ƙaramin yaro ne ko mai juna biyu: waɗannan ba a jiran komai. A kira 112 ko a nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Jankwano, wanda ya fi kusa.

A can za a sa ƙarin ruwa. In an zo da wuri kuma yana iya haɗiya, a ba shi garin gawayin asibiti, giram 50 ga babba, giram 1 kan kowane kilo ga yaro. Ya fi aiki a awa ta farko, kodayake in ana zargin amatoksin akan maimaita shi. Mai firgita sosai likita zai kwantar da shi da irin su dayazifam. Za a ɗebi jini a duba ALT da AST masu nuna lafiyar hanta, da daskarewar jini, da aikin ƙoda, da suga. Sakamakon farko na iya fitowa lafiya lau alhali gubar na ciki, don haka ana maimaitawa har kwana 2 zuwa 3. Kar iyaye su matsa a sallame shi saboda ya tashi ya ci tuwo. In hanta ta fara nuna alama, ana amfani da asetilsistin ta jijiya, da fenisilin mai yawa, da silibinin inda ake da shi. Bayan waɗannan sai dashen hanta, wanda ba abu ne da ke kusa da hannunmu ba. Sannan ku faɗa wa likita gaskiya da bakinku, domin gwajin fitsarin da aka saba yi na ƙwayoyi ba ya nuna silosin.

Malam Na-Rikkos:

Allah Ya saka da alheri, Hajiya da Likita. Saura biyu. A nan abin da aka saba in mutum ya ci guba shi ne a ɗura masa manja ko madara. Shi ma a bari? Sannan wasu iyayen za su ce aljanu ne, ruƙiyya za a yi. Me za mu ce musu? Kuma ba a taɓo maganar Turawa da magani ba.

Likitan Gaggawa:

A bari, Malam. Manja da madara ba sa kashe kowace guba a cikin waɗannan. Wanda hankalinsa ba ya jikinsa, in aka ɗura masa, abin na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, kuma mai a huhu ciwo ne mai zaman kansa. Haka ruwan gishiri da sa yatsa a maƙogwaro. Gawayin murhu kuma ba shi ne na asibiti ba.

Sista Mai Jinyar Ƙwaƙwalwa:

Sannunku. Baba Na-Rikkos, a kan aljanu, kar ku yi jayayya da iyaye cikin dare, ba za ku ci nasara ba kuma lokaci na tafiya. Ku ce a yi addu'ar a cikin mota, a ci gaba da ita a bakin gadon asibiti. Abin da za ku hana shi ne bulala, da turnuƙe shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki, da karatu da ƙarfi a cikin kunnensa, domin mai wannan maye ƙaramin sauti ma girma yake yi masa.

Ɓangarenmu yana farawa ne bayan awa shidan nan sun wuce. Yawanci mutum yakan dawo daidai. Amma akwai waɗanda ƙofar da ta buɗe ba ta rufuwa, kuma an san su waye suka fi shiga haɗarin: wanda a gidansu akwai mai taɓin hankali irin sikizofireniya, ko ciwon baifola mai hawa da saukar yanayi, ko shi kansa ya taɓa yi. Waɗannan cututtuka sun fi bayyana daga wajen shekara 16 zuwa 30, daidai shekarun masu gwada wannan abu, kuma gidaje da yawa suna ɓoye tarihin, yaro bai ma san kawunsa ya taɓa kwanciya ba. In bayan kwana ɗaya ko biyu har yanzu ba ya barci, yana jin muryoyi, yana cewa ana bin sa ko an sa masa guba a abinci, ko yana surutu ba tsayawa yana rabar da kayansa, wannan ba sauran maye ba ne. A kai shi sashen ƙwaƙwalwa na JUTH. Da wuri aka fara magani, da sauƙi ake shawo kansa.

Akwai kuma wanda hankalinsa lafiya amma idonsa bai koma daidai ba: yana ganin ɗigo-ɗigo kamar tsohuwar talabijin, ko wutsiyar haske a bayan fitilar mota, makonni ko watanni bayan ci ɗaya. Ba ya da yawa, amma yana faruwa, kuma wiwi na tayar da shi. Wasu kuma firgicin daren ne ke bin su, faɗuwar gaba da tsoron sun haukace.

Maganar magani kuwa, ga abin da ke akwai. A 2022 mujallar likitanci ta New England ta buga gwajin mutum 233 masu ciwon damuwa da ya ƙi jin magunguna. An ba wasu miligiram 25 na silosaibin da aka haɗa a ɗakin bincike, wasu 10, wasu 1. Bayan mako 3, kashi 29 cikin 100 na masu 25 sun samu sauƙi sosai, a kan kashi 8 na masu 1. Zuwa mako 12 tazarar ta ragu, kuma kashi 77 na mahalarta sun samu wata illa, galibi ciwon kai da tashin zuciya da jiri, har an samu masu tunanin kashe kansu. Duk wannan bayan an tace an cire masu tarihin taɓin hankali, an auna ƙwayar daidai, ƙwararru na zaune da mutum awa 6 zuwa 8. Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta shi daga Yulin 2023, da sharuɗɗa masu tsauri. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya babu shi a bayan makaranta da leda a hannu.

A doka, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa silosaibin da silosin a rukuni na ɗaya, mafi tsanani, kuma dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mallakar hodar iblis, LSD, hiroyin da makamantansu. A addini ma hadisi ya ce duk mai sa maye haramun ne, bai ware tsiro ba.

Baba, in yaro ya ce maka magani ne, ka tambaye shi maganin me yake nema. Sau da yawa a nan za ka ji rashin barci, ko baƙin cikin da ya yi wata shida bai gaya wa kowa ba. Wannan muna da maganinsa.

Malamin Tsirrai:

Zan ƙara a kan ganewa, don na san abin da samarin za su ce: wai in an murza ta koma shuɗi, ita ce. Ba hujja ba ce. Akwai masu komawa shuɗi da ke sa amai da gudawa, kuma duhun da mai guba ke yi in ta fara ruɓewa na iya ruɗin ido. Cewa tsutsa ko akuya ta ci ba ta mutu ba, ko cokalin azurfa bai yi baƙi ba, ko ba ta da ɗaci, duk babu wanda ke nuna komai. Manhajojin waya masu gane tsiro daga hoto suna kuskure, balle a kan nau'o'inmu na nan da ba a gama tattara bayanansu ba. Mu kanmu sai mun duba launin ƙurar irinta a kan takarda, sau da yawa har da madubin ƙara girma.

Wadda ta fi yawan kwantar da mutane a ƙasashe masu zafi ita ce Chlorophyllum molybdites, babba fara mai ɓawo-ɓawo a hula, tana fitowa a filin ciyawa. In ta girma ƙarƙashin hularta kan koma kore-kore. Awa 1 zuwa 3 bayan ci sai amai da gudawa mai tsanani, wani lokaci da jini. Ana ruɗa ta da naman kazan da ake ci, irin wanda ke fitowa a kan suri. Shi kuwa naman kazan da ake nomawa ana sayarwa a manyan kantuna abinci ne, ba ruwansa da wannan zance.

Malam, kar kuma ku manta da zaƙami, wanda ya fi laimar kwaɗi kusa da hannun yaranmu, yana nan a juji da bakin hanya. Shi ma yana buɗe baƙin ido yana sa gane-gane, amma a taɓa fatar: ta zaƙami a bushe take, zafi, baki ƙaf ba yawu, mara ta cika fitsari ya ƙi fita, mutum na tsintar abin da babu a iska, bai gane uwarsa ba, kuma yakan kai kwana ɗaya zuwa biyu ko fiye. Mai silosaibin yawanci ya san ya ci wani abu, ana iya magana da shi. Na zaƙami asibiti ne kai tsaye, lallashi ba ya yi masa komai.

In za ku tafi da samfur, ku tono ta da wuƙa har gindinta, kar ku fizge, domin jakar da ke gindin Amanita a cikin ƙasa take kuma ita ce babbar shaida. Ku naɗe a takarda ko ambulan, ba leda ba, leda na narkar da ita cikin 'yan awoyi. Ku ɗauki hoton saman hula, da ƙarƙashinta, da karan, da wurin da ta fito. In babu ko ɗaya da ta rage, ragowar shayin da aka dafa ta a ciki, ko aman da ya yi a cikin roba mai murfi, su ma a tafi da su.